Wayar Lefen Saude Ta Kai Ni Babura

Tun da na dawo, ba na zama wurin mai shayi ko bakin masallaci ba a ce mini, "Haruna, wai da gaske waya ce ta kai ka har Nijeriya?" Na faɗa na sake faɗa har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara wa labarin gishiri kafin ya kai wa na gaba. Jiya ma na ji wani yana cewa an tsare ni a kan iyaka. Ba wanda ya tsare ni. To bari in zayyana abin yadda ya faru, kowa ya huta.

Ƙanena Mutari yana aikin lambu a Aljeriya, wajen wani Balarabe. Kafin ya tafi sun daidaita da Saude, ɗiyar Malam Idi, a wani ƙauye da ke gabas da namu, nan cikin ƙasar Guci. Aka tsai da magana za a ɗaura aure bayan cirar gyaɗa, ni zan karɓa masa, shi kuma ya iso daga baya idan hanya ta yi kyau. Ya aiko da kayan lefe ta hannun wani ɗan garinmu da ya dawo, cikinsu har da babbar waya ta shafawa. Ta hannu ce, amma ba ko ƙwarzane a jikinta. Mutari ya ce a wajen ɗan maigidansa ya saye ta, shi kuma daga Faransa ya zo da ita. Nufinsa, tunda amarya za ta yi watanni ba ango, su riƙa ganin juna ta waya.

Matanmu suka kai lefe. Ba a jima ba sai ga Gwaggo Haule, yayar Malam Idi, a ƙofar gidanmu da hantsi, waya ƙunshe a bakin zane. Aka shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama.

"Haruna, ga wayarku. An sa mata pus na layin waya ta ƙi, an canza wani ta ƙi. Samarin garinmu sun ce irin wannan ta sata ce, shi ya sa take kulle. Mu ba a kawo mana kayan sata gida."

Na ce, "Haba Gwaggo, kin san Mutari tun yana yawo ba wando."

"Na san shi a nan. Ban san shi a Aljeriya ba. Idan ta halal ce, ku buɗe ta kafin Juma'ar ɗaurin aure. In ba ta buɗu ba, sai maza su zauna su sake magana."

Ta juya ta tafi. Na ɗauko ƴar ƙaramar wayata mai dannawa na kira Mutari, ba ta shiga. Na sake, na sake, shiru. Innarmu tana zaune bakin murhu tana kallona, na ga ta bar tuƙin da take yi. Washegari na naɗe wayar cikin tsumma, na sa a aljihun ƙirji, na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Dungas.

Hanyar kun san ta, rairayi ne da amalanke. Lokacin kuwa kaka ce, kowane lungu ka ci karo da jaki yana jan dammunan hatsi. Mai baburin ya zo kauce wa wata amalanke, ƙafar gaba ta nutse, sai ga mu a ƙasa. Shi yana duba babur, ni kuwa hannuna yana kan aljihu. Sai da na kwance tsumma na ga gilashin bai tsage ba, sannan na lura gwiwata tana jini.

A Dungas na iske kasuwa ta cika. Aka nuna mini wani mai gyara a ƙarƙashin rumfar kwano, ga faranti mai kama hasken rana a kan rufi, ga wayoyin mutane jere ana cika musu batir. Ya juya wayar a hannunsa ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne, yanzu ka kama hanya." Ya sa pus, wayar ta fito da rubutu tana neman lambar buɗewa. Ya danna sifili sifili, ta ƙi. Ya danna wasu lambobi, ta ƙi. Yana ta cewa, "Bari mu gwada wannan, ta taɓa buɗe mini wata." Ni na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, ina yaro, Faransancina bai wuce na karanta allon hanya ba, amma na lura duk lokacin da ta ƙi, akwai wata lamba a ƙasa da ke raguwa. Na leƙa da kyau sai na ga an rubuta saura gwaji ɗaya.

Na riƙe hannunsa. "Malam, tsaya! In wannan ya ƙare me zai faru?"

Ya sosa ƙeya. "To, wasu sukan kulle ke nan har abada. Amma bari in wanke ta, sau da yawa wanki yana warware kome."

Kafin in tambayi mene ne wanki, ya danne maɓallan gefe, waya ta mutu ta sake tashi. Da can ko ba ta kira, tana ɗaukar hoto, tana kunna fitila. Yanzu kuwa sai ta tsaya a ƙofa ɗaya, tana neman sunan mai ita na farko da kalmarsa ta sirri. Ba gaba, ba baya. Mutumin ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Ka je Magarya, can suna da ordinata, wato kwamfuta." Bai nemi ladan aiki ba, ni ma ban yi masa tayi ba.

Na sami wata buɗaɗɗiyar mota mai ɗauke da buhunan gyaɗa, muka ɗare bisa. Kusa da ni akwai wani mutum siririn gaske, fuskarsa duk ta ƙone da rana. Hira ta kawo hira, ashe daga Aljeriya aka maido shi. Na faɗa masa yankin da Mutari yake, na ce kwana biyu wayarsa ba ta shiga. Ya ce, "Ana kamen baƙi wajen nan yanzu. In ka ji wayar mutum ta ɗauke, ko dai ya ɓoye, ko yana cikin mota an nufo iyaka da shi. Allah dai ya sa ba a ƙafa aka sake su ba." Ya ciro dabino ya ba ni. Na karɓa na riƙe a hannu har muka shiga Magarya, ban iya kai shi baki ba. Na baro gida da damuwa ɗaya, ga shi ta zama biyu, kuma ta biyun ta danne ta farko.

A Magarya na nufi wajen Mushe Ibro. Ya taɓa koyarwa a lakwal ɗin garinmu, shi ya sa muke ce masa Mushe, daga baya ya buɗe butik, wato shagon wayoyi, kusa da tasha. Yana ganina ya tashi. "Haruna! Ina su Inna? Me ya sami gwiwarka?" Na ba shi labari. Ya duba wayar, ya cire tabarau, ya ce, "Zan faɗa maka gaskiya. Ƙofa biyu ce a kulle. Ta farko ta kamfanin da ya sayar da ita a Faransa, sun ɗaure ta kada ta karɓi layin kowa sai nasu. Wannan lamba ake sayowa a buɗe, kuma dama ɗaya ta rage maka. Ta biyu ta tsohon mai ita ce, wankin da aka yi ya tayar da ita. Ni ba ni da kayan wannan aiki, kuma ka ga kuran ma tun safe babu, ba lantarki ba aiki. Akwai wani Sabi'u a Babura, can nake tura masu wuya."

Na ce, "Mushe, ban taɓa tsallake iyaka ba."

"Ai ba nisa, kuma Hausar da kake ji ita suke yi. Kana da kardante, katin shaidarka?"

Na taɓa aljihu na ce ina da ita. Ya ɗauki babbar wayarsa ya bar wa Mutari saƙon murya, ya saka masa lambar Sabi'u, ya ce duk lokacin da ya samu rezo, wato sabis ɗin waya, ya kira can. Saƙon ya tafi amma bai nuna an karɓa ba. A gidansa na kwana, cikin zaure. Maiɗakinsa ta aiko da dambun zogale da man gyaɗa, irin wanda da a gida ne sai na sha kwano, amma loma kaɗan na yi. Mushe ya yi ta ba ni baki, yana cewa lambunan can suna nesa da gari, rezo yakan ɗauke. Ina ta ce masa haka ne, zuciyata kuwa tana wajen maganar siririn mutumin nan.

Da safe na shiga motar Tinkim. A gefenmu aka duba kardante aka ce mu wuce. A ɗaya gefen wani ma'aikaci mai kaki ya ce kowa ya fito da abin da ke aljihunsa. Ya ga ƙunshin tsumma ya ce in kwance. Ya kunna wayar, ta tsaya a ƙofar nan tata.

"Taka ce?"

"Ta ƙanena ce, ranka ya daɗe. Wato ta matar da zai aura."

"To buɗe mana."

"Ai abin da ya fito da ni ke nan, ba ta buɗuwa."

Ya dube ni daga hula har takalmi. Mutanen mota duk sun zuba mini ido. Na ga idan na tsaya gajarta magana zan ƙara zama abin zargi, sai na kwashe labarin duka na faɗa masa, har da Gwaggo Haule da ƙin zama a tabarma. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya yi dariya, ya ce, "Kowane gida akwai irin wannan gwaggon. Je ka, amma in an buɗe ka sa mai gyaran ya rubuta maka shaida, kada wani ya sake tare ka." Ya naɗe mini wayar da kansa.

Na canza ƴan sefar da ke hannuna, aka ba ni nairori dami guda har aljihu ya kumbura, na ji kamar attajiri. Da muka sauka Babura na tambayi wani ina zan sami kabu-kabu, sai ya nuna mini wata tsohuwar mota. Ashe su babur ɗin haya acaɓa suke ce masa. Haka na yi ta tuntuɓe da kalmomi. Na ce pus, su ce sim. Na ce kuran, su ce wuta. Na ce wa wani mai magani ina ne likita in je a wanke mini gwiwa, ya ce likitan wane asibiti nake nema. Da na buɗe baki sai a ce, "Ɗan Nijar ne." Ba da wulaƙanci suke faɗa ba, amma duk da haka sai na riƙa rage magana. Shayinsu ma ba irin namu ba ne na ƴan kofunan gilashi da ake sha sannu a hankali ana hira. Moɗa guda ake cika maka da madara, ga burodi kamar matashin kai, kowa ya kurɓe a tsaye ya wuce. Ga kuma ƙarar injinan wuta kowane shago, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji.

Sabi'u mutum ne mai ƙiba, mai ɗan gemu, ba ya son yawan magana. Shagonsa ɗan ƙarami ne, ordinata biyu da fanka. Na ce Mushe Ibro ya turo ni. Ya duba wayar, ya karanta wata doguwar lamba a bayanta, ya shigar cikin ordinata. Ya ce, "Ba a kai ƙararta an sace ba, wannan ya yi kyau. Lambar kamfani zan iya nema maka, zuwa gobe ta zo. Amma ƙofar mai ita ba zan fasa ba."

"Ba ka iyawa ne?"

"Ina iyawa. Ba na yi ne. Na taɓa fasa wa wani, ashe ta sata ce, ni na kwana a hannun hukuma shi yana gidansa. Ka kawo mini mai ita ya yi magana da bakinsa."

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na ce aure ne zai lalace. Ya ce, "Yaya, na ji tausayinka. Ga benci nan, zauna. In ƙanenka ya kira, a gabanka zan ɗauka."

Na wuni a kan bencin nan. Duk lokacin da wayar Sabi'u ta yi ƙara sai in miƙe, ya girgiza kai, in koma in zauna. Da rana ya sayo garau-garau, shinkafa da wake ce da mai da yaji, ya tura mini kwano ya ce sai na ci. Da yamma ya haɗa ni da wani fatoma da ke saukar da fataken gyaɗa na wajenmu, na kwana cikinsu a wani dogon ɗaki, kowa kansa a kan jakarsa. Aƙalla su da na ce rezo ba wanda ya yi dariya.

Kashegari lambar kamfani ta zo, amma ba ta da amfani sai an wuce ƙofar farko. Na koma benci. Har na fara shirya abin da zan faɗa wa Inna, da wanda zan faɗa wa Malam Idi, ina auna wanne ya fi nauyi. Wajen azahar wayar Sabi'u ta yi ƙara, ya duba ya ce, "Wannan lambar waje ce." Ya miƙo mini.

"Yaya Haruna? Me kake yi a Nijeriya?"

Na zauna a ƙasa, ba ma a benci ba. Na ce, "Mutari, kana ina? Kana lafiya?" Ya ce lafiyarsa lau. Maigidansu ne ya kwashe su ya kai wani lambu can cikin daji saboda kamen, babu rezo, yau ya shigo gari cikin motar kayan miya ya ga saƙon Mushe. Da na faɗa masa abin da ake cewa a garin su Saude, sai muryarsa ta canza. Ya ce, "Ni ɓarawo? Kada ka kashe, ɗan maigidan yana nan cikin shago."

Sai ga muryar wani saurayi Balarabe, yana Faransanci da sauri kamar ana korarsa. Ya ce lalle wayarsa ce, shi ya sayar wa Mutari, mantawa ya yi bai cire sunansa ba. Ya fara karanto haruffan sunan da kalmar sirrin, Sabi'u yana dannawa. Waya ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Sabi'u ya fara tsaki, Balarabe ya fara ɗaga murya. Ni ina tsakiya ina saurare, sai na gane inda matsalar take. Harafin da Balaraben ke kira da sunansa na Faransanci, Sabi'u da kunnen Ingilishi yake ji, sai ya danna wani daban. Na ce a ba ni biro. Na yagi kwali, Balarabe yana faɗa ina rubutawa yadda aka koya mana a lakwal, Sabi'u yana kwafa daga kwalin. Waya ta yi ɗan tunani, sai ga ta ta buɗe. Sabi'u ya cire sunan Balaraben tun yana kan layi, ya yi masa godiya da Larabcin Islamiyya, shi kuma ya yi ta dariya. Kafin a kashe na ce wa Mutari ranar Juma'a da safe ya tsaya inda akwai rezo, ko me zai faru.

Saura ƙofar kamfani. Sabi'u ya sa layinsa, wayar ta nemi lamba, ga rubutun nan na saura gwaji ɗaya. Ya rubuta lambar a kwali da manyan baƙaƙe, ya turo mini wayar. Ya ce, "Kai za ka danna. Lambar na amince da inda na samo ta, amma ban taɓa rantsewa a kan abin da ban gani ba." Ina danna ɗaya in duba kwali, in duba waya, in sake duba kwali. Da na gama na yi bisimilla na taɓa. Allon ya yi duhu kamar ƙiftawar ido, sannan sandunan rezo suka hau. Sabi'u ya kira wayarsa ta biyu, ta yi ƙara a kan tebur.

Na ce a sa nawa pus ɗin in gani. Aka sa, ba sanda ko ɗaya. Sabi'u ya ce, "Layinku ba ya kamawa a nan, sai ka matsa gida." Ya rubuta mini shaida, na sallame shi, muka yi musabaha. Amma a cikin mota wayar tana tafin hannuna, idona a kan kusurwar da sanduna ke fitowa. In layin Nijeriya kawai ta karɓa fa? Muka wuce Babban Mutum, ba kome. Aka duba mu a iyaka, ba kome. Sai da muka ɗan taɓa tafiya bayan Tinkim, wayar ta girgiza a hannuna, sanda ɗaya ta fito, ta biyu ta biyo ta. Na ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi har direba ya taka birki, ya zaci wani abu ya faɗi.

Mushe Ibro ya saka mata abin kiran da ake ganin fuska, na kama hanyar gida. Ranar Juma'a da sassafe ni da kawunmu muka isa garin su Saude, mutane sun fara taruwa a ƙofar gidan Malam Idi, ana ta kallona ƙasa-ƙasa. Na aika aka kira Gwaggo Haule. Na kunna waya a gabanta, sai ga shi babu rezo ko ɗigo. Ta riƙe haɓa ta ce, "To?" Wani dattijo ya ce ai a garin nan sai an hau tudun bayan rijiya ake samu.

Haka muka ɗunguma, ni da Kawu da Malam Idi da Gwaggo tana dogara sanda, Saude tana biye daga nesa da ƙawarta, ta rufe fuska. A kan tudun sanduna suka hau. Na kira, ya ɗauka, ga fuskar Mutari ta cika allo. Gwaggo ta fizge wayar daga hannuna, ta kai ta har bakin hancinta.

"Kai Mutari, haka ka rame? Ba sa ba ka abinci ne? To faɗa mini tsakaninka da Allah, wayar nan saye ka yi?"

"Saye na yi, Gwaggo. Ga ma wanda ya sayar mini."

Ya juya wayar, sai ga saurayin Balaraben yana ɗaga hannu yana sallama. Gwaggo ta yi maza ta ja mayafi ta rufe baki, ta amsa sallamar a hankali, ta ce a ce masa ya gai da mutanen gidansu. Ta ɗan tsaya tana kallon allon. Sannan ta waiwaya ta yafito Saude, ta damƙa mata wayar a hannu, ta juyo gare mu da sandarta.

"Ku kuma tsayuwar me kuke yi? Ku sauka, liman yana jiranku."